Yadda Sumana Ya Sauke wa Radar Zazzaɓi

Duk wanda ya zauna a unguwar Bobiel ta Yamai shekarun nan ya san Sumana direba, Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa sanyi. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don Sumana ko gaisuwa zai yi sai layi uku sun amsa. Mota yake ja wa wata cibiya ta masu binciken yanayi, amma a fada, gindin dogon yaron da ake dafa shayi, bai taɓa yarda a kira shi direba ba. Injiniya yake so. Yana da wata farar riga mai aljihu a ƙirji, a aljihun biro huɗu, kuma ba mahaluƙin da ya taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya.

A damanar da abin ya faru, cibiyar ta aro wata na'ura da ake kira radar, mai hango hadari tun yana nesa. A bayan wata farar mota kat-kat aka ɗaure ta. In ka gan ta sai ka ce ƙatuwar ƙwarya ce aka kife bisa ƙarfe. Cikin ƙwaryar akwai faranti mai juyi yana laluben sama, a cikin mota kuma akwai allo mai nuna abin da ya gano. Dakta Zeinabu, wadda aikin ke hannunta, shekara biyu ta yi tana rubuta takardu kafin a ba ta aron wata ɗaya. Watan ya tafi saura kwana biyu, sama ko tari ba ta yi ba a kan Yamai.

Ran Talata da safe aka ce yau akwai hadari. A ranar kuma zazzaɓin sauro ya kwantar da ma'aikacin da ya iya na'urar, ita ko Zeinabu dole ta tafi ƙauyukan gabas ta dasa ma'aunan ruwa. Ta duba hagu, ta duba dama, ba kowa sai Sumana da birukansa.

"Malam Sumana, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "In hadarin yau ya wuce ba mu kama shi ba, jibi radar ta koma wurin masu ita, aikina ya bi iska. Ka kai ta filin nan na bayan Bobiel, inda ba gini ba itace. Ka sauke ƙafafunta huɗu, ka tada injin gurup ya ba ta wuta, ka danna koren maɓalli. Shi ke nan. Kada ka ƙara komai, kada ka rage."

"Madam, ni za a koya wa inji? Ni da na taɓa kwance injin kamyo, babbar motar kaya, da cokali a hanyar Agadas?"

"Na ji labarin sau tara. In ka yi daidai, zan sa sunanka cikin masu zuwa koyon aikin na'ura. In ka ɓata, lakilen motar nan ba za ka sake riƙe shi ba."

Sumana ya karɓi lakile, wato makullin mota, ya kaɗa shi a yatsa. Shi dai rabin farko na maganar ya ji.

Ya kai filin kamar yadda aka ce. Ya fito ya tsaya, ya gyara riga, ya duba wa zai gan shi. Ba kowa sai wani jaki da ledoji maƙale a ƙaya. Jakin ma bai ɗago kai ba.

"Haba," in ji Sumana. "Mutum ya riƙo abin da ba a taɓa gani a Bobiel ba, sannan jaki ne shaida?"

Nan dabara ta faɗo masa. Ai gaban fada ma akwai fili, inda ake buga ƙwallo. Fili ai fili ne. Can zai kafa ta, ya karanta wa unguwa sama kamar wasiƙa, daga yau duk mai shanya da mai gini da mai biki sai ya zo ya tambayi Injiniya.

Ya biyo ta lungun gidansa don matarsa Balkisa ta fara gani. Ta ko gani, domin ƙwaryar ta ɗauke igiyar shanyarta gaba ɗaya. Haka ya iso fada yana oda, zane biyu na kaɗawa a bayansa kamar tuta, wandonsa na Juma'a ya rufe wa radar fuska.

Yakuba mai walda, abokin gardamarsa tun suna samari, ya ajiye kofin shayi.

"Injiniya, sannu da zuwa. Wanki kuka koma yi a cibiyar?"

"Jahilci dai ciwo ne," in ji Sumana, yana fizge wandon ya cusa ƙarƙashin kujera. "Wannan radar ce. Tana ganin ruwa tun yana cikin uwarsa. Daga yau an daina tambayar gwiwar Inna Iklima."

Inna Iklima, tsohuwar da ke sayar da kopto a jikin bango, ta ɗago daga kwanonta na ganye da ƙuli.

"Fofo, Sumana. Gwiwata dai tun asuba take cewa yau akwai ruwa, kuma ba ta shan man esansi."

Aka yi dariya. Sumana bai kula ba. Ya sauke ƙafafu huɗu, ya ja igiyar gurup, ya jira sai da mutane suka cika filin, sannan ya yi bisimilla da ƙarfi ya danna koren maɓalli. Na'ura ta ɗauki wani ɗan gurnani. Allo ya haska, zobba-zobba kamar an jefa tsakuwa a randa. Kawuna suka cushe a tagar mota.

Can gefen allon, ta gabas, akwai wani ɗan tabo ja, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Injiniya," in ji Yakuba, "wannan jan fa?"

Sumana bai sani ba. Amma shekara ashirin yana tuƙi, kuma duk direban duniya ya san abu guda: in ja ya kama a gaban sitiyari, to inji ya yi zafi. Ya zagaya ya taɓa ƙarfen da ke ɗauke da ƙwaryar, ya janye hannu da sauri.

"Na faɗa! Zafi ne. Turawan da suka ƙera ta ba su san ranar Yamai ba. Zazzaɓi take yi. A kawo ruwa!"

Aka kawo bokiti. Ya ja da baya, ya watsa sama da dukan ƙarfinsa. Rabi ya sami ƙwaryar, rabi ya sauka a kwanon Inna Iklima.

"Irkoy!" in ji tsohuwa, tana kiran Allah da Zabarmanci. "Ga ruwan ya fara, na gaya muku."

Suka koma allo. Gyaɗa ta zama goro. Sumana ya sa aka jiƙa zannuwan Balkisa aka yafa wa na'urar, mutum uku suka tsaya suna yi mata fifita da faifai. Goro ya zama lemo, har da wani rawaya-rawaya a gefensa. Gumi ya fara bin wuyan farar riga. Ya tuna da lakile, ya tuna da fuskar Madam in aka ce radar ta ƙone a hannunsa.

"To ka yi mata rumfa mana," in ji Yakuba, yana zolaya. "Ko akuya ana yi wa inuwa."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan ka tari numfashina," in ji Sumana.

Idonsa ya sauka kan tol sababbi fil, fallen kwano goma sha biyu, jingine a ƙofar Adamu tela. Adamu ya cire tsohon rufin ɗakinsa tun jiya, magini zai zo bayan azahar ya ɗora sabo. A cikin ɗakin, ƙarƙashin sama tsirara, akwai katifarsa da keken ɗinkinsa da shaddojin mutane.

"Adamu, ara mini tol ɗin nan. Aikin ƙasa ne."

"Injiniya, in ruwa ya zo fa? Ɗakina ba hula."

"Wa zai gaya maka ko ruwa zai zo?"

"Na'urarka."

"To ta yaya za ta gaya maka tana cikin zazzaɓi? Ka bari ta huce, ita da kanta za ta ba ka amsa."

Adamu ya juya maganar a kansa, bai sami inda ta yage ba. Ya ba da tol.

Yakuba kuwa, in dai aikin ƙarfe ne, ko na wauta ne sai ya yi shi da kyau. Ya kawo sanduna da waya, ya hau bayan mota, ya kafa rufi bisa ƙwaryar. Suka duba allo. Ja na nan, ya ma ƙara ƙiba.

"Ta gefe zafin ke shiga," in ji Sumana. "A rufe gefe."

Aka rufe yamma, ja bai motsa ba. Aka rufe kudu, aka rufe arewa, yana nan. Yakuba ya ɗaga falle na ƙarshe ya toshe gabas, ya murɗa waya.

Ɗif. Ja ya ɓace. Allo ya yi fes, sai wani ɗan dunƙule a tsakiya.

Filin ya ɗauki sowa. Har Yakuba sai da ya leƙa sau biyu.

"Wannan na tsakiyar fa?"

"Wannan mu ne," in ji Sumana.

Ya hau kan benci, ya zaro biro ɗaya don nuni.

"Jama'ar Bobiel! Na'ura ta warke, kuma ta yi magana. Ba ruwa yau. Ba ruwa gobe. Jibi ma ina shakka. Mai shanya ya shanya, mai gini ya yi gini. Injiniya Sumana ne ya faɗa."

Mutane dai sun ga ja da idonsu, sun kuma ga ya tafi. Adamu ya kira magini ya ce ya bari sai gobe. Mata suka fito da tabarmi, aka baza tumatir da kuɓewa da garin gero. Wani ya fitar da buhunan siminti ya jera a waje. Kafin azahar Bobiel ta juye cikinta waje kamar aljihu.

Mutum ɗaya ce ta fito da kwando ta zo ta zare zannuwanta daga jikin mota, ta koma ta kwashe ɗan abin da ya rage mata a tsakar gida, har da murhu.

"Balkisa!" in ji Sumana daga kan benci. "Ba ki ji sanarwa ba ne?"

"Na ji, maigida. Shi ya sa."

Fada ta kwashe da dariya. Inna Iklima ta ɗaura leda a bakin kwanonta.

"Ɗana, in ba ruwa, ɗakin da ka gina mata na mene ne?"

"Na rana ne, Inna."

"To dubi tururuwa can, suna kwashe ƙwansu suna hawa bango."

"Tururuwa ba su yi karatun lakkal ba."

"Kai ka yi?"

Allah ya taimake shi waya ta yi ƙara. Zeinabu ce, muryarta na yankewa, iska na busa a bayanta.

"Malam Sumana! Nan gabas sama ta yi baƙi ƙirin. Me kake gani a allo?"

"Fes, Madam. Da akwai wani ja da ya so ya ba mu matsala, amma na magance shi."

"Ka yi me?"

"Na ce na magance shi. Ki kwantar da hankalinki."

Layi ya yanke. Sumana ya mai da waya aljihu, ya dubi jama'a.

"Godiya take yi."

Gab da la'asar iska ta ɗauke. Ganyen dogon yaro suka tsaya cik kamar masu sauraron wani abu daga nesa. Kaji suka shige. Hasken rana ya koma kalar zuma, sannan wani ƙamshi ya iso, irin na ƙasar da aka jiƙa a wani gari, wanda ke sa mutum ya tuna da waɗanda suka yi damanar bara tare da shi.

"Injiniya," in ji Adamu a hankali, "dubi gabas."

Gabas ta tashi tsaye. Holoƙo ne, jan bango daga ƙasa har sama, a bayansa baƙin hadari yana walƙiya.

Sumana ya duba gabas, ya duba allo. Allo fes.

"Ku daina kallon sama, ku kalli allo! Wannan ƙurar kamyo ce."

"Kamyo nawa?" in ji Yakuba.

Sai ga wata mota ta shigo filin a guje. Zeinabu ta diro tun ba ta gama tsayawa ba. Ta riga ta je filin bayan gari, jaki kawai ta tarar. Ta tsaya gaban kat-kat, ta ɗaga kai ta dubi abin da ke bayanta, wani akurkin kaji na tol mai ƙyalli.

"Malam Sumana, ina radar?"

"Tana ciki, Madam, tana hutawa. Da ba don ni ba da ta ƙone. Ja ya kama tun hantsi, sai girma yake."

Zeinabu ta dafe kai da hannu biyu.

"Jan nan shi ne ruwan! Shi muke jira wata guda! Radar ba ta gani ta cikin ƙarfe, ka ɗaure mata ido!"

Kowa a filin ya ji. Adamu ya dubi ɗakinsa. Mata suka dubi tabarminsu.

"A cire! Maza a cire!"

Yakuba ya sosa ƙeya. "Madam, ni fa ɗaurina ba ya kwancewa da hannu. Sai na ɗauko filaya a gida."

Bai kai ko bakin layi ba iska ta iso. Duniya ta koma ja. Garin gero ya tashi ya haɗu da ƙura, tabarmi suka bi sama, tumatir na gudu a ƙasa mata na bin sa. Akurkin ya fara rawa yana kuka. Shi kuwa Sumana, ɗabi'ar direba ba ta barin mutum: ya ga ruwa zai taɓa kayan wuta, sai ya daka tsalle ya kama gefen tol ya rungume.

"Kada ta jiƙe! Ku kama mini!"

"Sake shi!" in ji Zeinabu. "Don ruwa aka yi ta! Sake!"

Iska ce ta raba gardama. Ta shiga ta ƙasa, ta cika akurkin, ta ɗaga shi ɗungurungum. Ɗaurin Yakuba bai kwance ba, gaskiyarsa, sandunan ne suka tafi tare da shi. Fallen da Sumana ya riƙe ya ja shi taku goma yana tirjewa, sannan ya juye shi zaune daram cikin kwanon kopton Inna Iklima, ya yi gaba abinsa.

Sai ruwa ya kece kamar an fasa randar sama.

Zeinabu ta faɗa cikin mota. Allon da ya wuni fari ya cika fal, ja da rawaya da kore, kamar sabuwar atamfa a Babbar Kasuwa. Ta manta da fushi, ta manta da Sumana, ta zauna tana kallon hadarin yana ratsa Yamai ɗaki-ɗaki, bakinta na motsi. A waje Adamu ya fito daga ɗakinsa da keken ɗinki a ka, katifa na iyo a bayansa, yana kiran sunan Injiniya haɗe da wasu kalmomi da ba na ɗinki ba.

Da ruwa ya tsagaita, unguwa duka ta taru a filin, kowa riƙe da gawar abin da ya shanya. Mai siminti bai riƙo komai ba, nasa sun zama duwatsu. Sumana na tsaye a tsakiya, farar riga ta koma koriya, birukan sun yi zubi shuɗi har ciki.

Zeinabu ta fito ta miƙa hannu.

"Lakile."

Ya ba ta. Karo na farko a tarihin Bobiel muryarsa ba ta wuce mutum ɗaya ba.

"Madam, an kama shi?"

"An kama zuciyarsa, tun daga lokacin da iska ta yaye tol. Aikina ya tsira da ƙyar. Amma yadda ya taso, awa huɗu cur, ka kulle su a akurki."

Sumana ya ɗan ɗago. "To ai ke nan da na sa an ɗaure da sanduna marasa ƙarfi, dabara ce. Da ma na lissafa iska za ta..."

"Maigida," in ji Balkisa daga ƙofa, busasshen zane a kafaɗarta, "zo ka cire rigar nan tukuna."

Dariyar da aka yi ran nan, har waɗanda garinsu ya zama kunu sai da suka yi.

Zeinabu ta ce maganar koyon na'ura ta mutu, lakile kuma sai ranar da ɗakin Adamu ya sami rufi. Kwana uku Sumana ya yi yana yawo gida-gida yana sallama yana tambayar ko tol ya faɗo musu. Ya tsinto goma sha ɗaya, ya daddake su da guduma, ya hau ya rufa da hannunsa, Adamu na ƙasa yana ba da umarni. Na goma sha biyun ya maƙale can ƙolin dogon yaron fada, inda tsani ba ya kai. Ran Asabar aka mai da masa lakile, da sharaɗin ko rediyon mota ba zai taɓa ba.

Da rahoton Zeinabu ya fito, akwai wani shafi mai zanen hadarin, layi yana hawa yana sauka, a tsakiyarsa wani farin gibi mai faɗin yatsa huɗu. Sumana ya sa aka buga masa shafin, ya ninke ya sa a aljihu bayan biruka. Duk baƙon da ya zauna a fada sai ya buɗe masa.

"Ka ga wannan layin? Na Madam ne da Turawa. Ka ga farin nan? Nawa ne ni kaɗai."

Bara, saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka, Sumana ya kwanta ciwo na kwana biyu, ya tafi. An sami takardar a aljihun farar riga, ta yi laushi saboda ninki.

Fallen tol ɗin yana nan a ƙolin dogon yaro, ya yi tsatsa, ba wanda ya yarda a sauke shi. In hadari ya taso, shi ke fara sani: yakan ɗauki wani siririn kuka tun iska ba ta iso ƙasa ba. Sai Yakuba ya dubi gabas ta yi ja, ya ce, "Jama'a, inji ya yi zafi." A yi dariya, dariyar ta ɗan yi tsawo, sannan kowa ya dubi kofinsa.

Balkisa kuma takan fito da kwando ta kwashe shanyarta a hankali. A bakin ƙofa takan ɗan dakata, kamar mai jiran a tambaye ta ko ba ta ji sanarwa ba.